SHARHI: Ƙurar tauraro mai wutsiya da makomar taurarin ɗan'adam na Najeriya

A daren 13 zuwa wayewar garin 14 ga Disamba na kowace shekara, duniya takan ratsa ta cikin wani kogin ƙura da ke kewaya rana. A wannan dare ne akan ga haske yana gilmawa a sama ɗaya bayan ɗaya, abin da Bahaushe kan ce tauraro ya faɗi. Masana suna kiran wannan ruwan taurari na Disamba da suna Jeminid, kuma a inda babu hasken lantarki, sama ta yi garau, mai kallo kan iya ƙirga kusan ɗari cikin sa'a guda bayan tsakar dare.

Wannan lokaci ne kuma da ma'aikatu da hukumomin tarayya ke kai-komo tsakanin ofisoshinsu da Majalisar Tarayya kan kasafin kuɗi. Da wuya wani babban sakatare ko mai taimaka wa minista ya ga dangantaka tsakanin abubuwan biyu, amma akwai ta. Tauraron sadarwa ɗaya tilo da Najeriya ta mallaka, wato NigComSat-1R, an harba shi ne daga Xichang ta ƙasar Sin a ranar 19 ga Disamba 2011, kuma an ƙera shi ne ya yi aikin shekara 15. Maganar sayo magadansa ta daɗe a bakin mahukunta. Duk wanda za a sayo zai zauna ne a nisan kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, inda babu iskar da za ta kare shi daga ƙurar da ake sha'awar kallonta a nan ƙasa.

Daga ina ƙurar take fitowa?

Karin maganar Hausa ya ce tauraro mai wutsiya, ganinka ba alheri ba. Ilimin zamani ya bayyana abin da wutsiyar ta ƙunsa. A 1950 masanin Amurka Fred Whipple ya nuna cewa jikin tauraro mai wutsiya curi ne na ƙanƙara gauraye da ƙura da tsakuwa. Idan ya kusanto rana sai ƙanƙarar ta zama tururi, tururin ya fizgi ƙurar ya watsar. Ƙananan ɓarɓashin su ne ke zama wutsiya, hasken rana ya kore su. Waɗanda suka ɗan fi nauyi, daga girman ƙwayar yashi zuwa na ƙwayar gero ko wake, sukan ci gaba da bin hanyar uwarsu, wasu a gaba wasu a baya, har su zama doguwar igiya mai tsawon miliyoyin kilomita.

Idan hanyar duniya ta gitta wannan igiya, ɓarɓashin kan faɗo cikin iskar da ke lulluɓe da duniya su ƙone a tsayin kilomita 80 zuwa 120. Masanin Italiya Giovanni Schiaparelli ne ya fara tabbatar da wannan dangantaka a 1866, lokacin da ya nuna cewa ruwan taurarin Agusta, wanda ake kira Farsiyid, yana bin hanya ɗaya da tauraro mai wutsiya Swift-Tuttle da aka gano a 1862. Daga baya aka gane cewa Liyonid na Nuwamba daga Tempel-Tuttle yake, mai dawowa duk bayan shekara 33, kuma shahararren nan Halley, wanda ya ziyarto a 1986 zai kuma dawo a 2061, shi ne mai ruwa biyu, na farkon Mayu da na ƙarshen Oktoba. Jeminid kuwa ya fita daban, domin uwarsa wani curin dutse ne mai suna Phaethon da aka gano a 1983, kuma har yau masana suna muhawara kan yadda dutse ya zubar da ƙura mai yawa haka. Japan tana shirin aika kumbo ya gilma ta kusa da shi saboda wannan tambaya.

Muhimmancin ƙurar ga masu bincike shi ne tsufanta. Taurari masu wutsiya ragowar kayan da aka gina rana da duniyoyinta da su ne, kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, kuma sanyi ya adana su. Hanyoyin samun wannan kaya biyu ne. Ta farko ita ce a je a ɗebo, kamar yadda kumbon Stardust na hukumar NASA ya yi: an harba shi a 1999, ya ratsa ƙurar tauraron Wild 2 a Janairun 2004, ya dawo da ita a Janairun 2006. Kumbon Rosetta na Turai, wanda ya raka wani tauraron daga 2014 zuwa 2016, ya ci sama da yuro biliyan ɗaya. Hanya ta biyu ita ce a zauna a gida a jira ƙurar ta zo da kanta, a auna gudunta da alƙiblarta da launin haskenta, wanda ke nuna ma'adinan da ke cikinta, irin su ƙarfe da magnesiyam da sodiyam. Wannan ba ta buƙatar roka.

Yadda hasashe ya tashi daga canki zuwa lissafi

A daren 12 zuwa 13 ga Nuwamba 1833 sama ta ɓarke da ruwan taurari a Amurka ta Arewa, dubbai a cikin kowace sa'a, har mutane da yawa suka ɗauka tashin duniya ne. Denison Olmsted na Jami'ar Yale ya lura cewa dukkansu daga wuri guda a sama suke fitowa, kuma daga nan ne wannan fanni ya samo asali. Abin ya maimaita kansa a Turai a 1866, sai masana suka yi wa jama'a alƙawarin irinsa a 1899. Mutane suka kwana a waje, ba a ga abin kirki ba, domin jan duniyar Jupiter ya ɗan karkatar da igiyar ƙurar daga hanyar duniya. Wannan abin kunya ya daɗe yana bin masana taurari. A 1966 kuwa, lokacin da mutane da yawa suka fid da rai, sai ga guguwar ta sauka a yammacin Amurka, gomomi a cikin kowace daƙiƙa.

Abin da ya warware matsalar shi ne gane cewa tauraro mai wutsiya ba igiya ɗaya yake bari ba. Duk zuwan da ya yi kusa da rana yakan bar sabuwar igiya siririya, kuma kowacce tana da tata makomar gwargwadon yadda manyan duniyoyi suka ja ta. Masanan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Kondrat'eva da Reznikov, sun fara wannan lissafi a 1985. Daga bisani David Asher na cibiyar Armagh da ke Ireland ta Arewa da Robert McNaught na Ostireliya suka faɗaɗa shi. Aikin shi ne a ƙirƙiri dubban ɓarɓashi na kwaikwayo a cikin kwamfuta, a sake su daga jikin tauraron a shekarar da aka san ya wuce, a bi kowanne shekara bayan shekara ana lissafa jan rana da na duniyoyi da turin hasken rana, a ga ranar da sa'ar da duniya za ta ci karo da su.

Gwajin ya zo a ranar 18 ga Nuwamba 1999. Asher da McNaught sun ce duniya za ta ratsa igiyar da Tempel-Tuttle ya bari a 1899, kuma abin zai kai ƙololuwa da ƙarfe 3:08 na dare agogon Najeriya. Ya kai ƙololuwar da misalin ƙarfe 3:02, da yawan da ya haura dubu uku a sa'a. Kuskuren minti shida ke nan a kan ƙurar da ta shekara ɗari tana yawo. An sake dacewa da lokaci a 2001 da 2002.

Sai dai akwai inda lissafin ke da rauni har yanzu. Yana iya faɗin lokaci daidai, amma yawan ƙurar yakan ba shi wahala, domin wannan ya dogara ne da yawan abin da tauraron ya zubar a shekarun da babu wanda ya auna. Misali na kusa shi ne na 31 ga Mayu 2022. Tauraro mai wutsiya Schwassmann-Wachmann 3 ya tarwatse a 1995, an kuma yi hasashen cewa ɓaraguzansa na iya haddasa guguwa. An ga ruwan taurarin a lokacin da aka faɗa, amma bai wuce gomomi a sa'a ba. Hanyar gyara irin wannan rauni ita ce ƙarin awo daga ƙasa, kowane dare, daga wurare da yawa.

Abin da ƙwayar yashi ke iya yi wa tauraron ɗan'adam

Ƙurar Liyonid tana gudun kilomita 71 a daƙiƙa guda, wato za ta iya cinye tafiyar Abuja zuwa Kaduna cikin ƙasa da daƙiƙa uku. A irin wannan gudu, ƙwayar da nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na giram ba tana ɗauke da ƙarfin da ya kai na harsashin bindigar AK-47. Farsiyid na gudun kilomita 59, Jeminid kuma kimanin 35. Haɗarin bai tsaya ga huda jiki ba. Idan ƙwayar ta bugi ƙarfe takan zama tururi mai ɗauke da lantarki, wanda ke iya kutsawa cikin wayoyin tauraron ya rikita na'urorinsa.

Wannan ne bayanin da injiniyoyi suka fi karkata gare shi game da Olympus, babban tauraron sadarwa na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda ya ƙwace daga hannun masu sarrafa shi a daren 11 zuwa 12 ga Agusta 1993, daidai lokacin da Farsiyid ya kai ƙololuwa. Kafin a shawo kansa ya ƙone mafi yawan man da ya rage masa, dole aka yi masa ritaya. A cikin watan ne kuma NASA ta ɗage harba kumbon Discovery saboda gudun wannan ƙura. A 2004 hukumar ta kafa ofis na musamman a cibiyarta ta Marshall da ke jihar Alabama, aikinsa fitar da hasashen ruwan taurari ga masu sarrafa kumbuna.

Amfanin hasashen a fili yake. Idan an san sa'ar da alƙiblar, ana iya juya faifan hasken rana na tauraron ya ba wa ƙurar gefe, a kashe na'urori masu saurin lalacewa, a kuma sa injiniyoyi su kwana a bakin aiki. A ranar 19 ga Oktoba 2014, lokacin da tauraro mai wutsiya Siding Spring ya gilma kimanin kilomita 140,000 daga duniyar Mars, NASA ta tsara kumbunanta da ke kewaya Mars su kasance a bayan duniyar a lokacin da haɗarin ya fi yawa. Madubin hangen nesa na James Webb, wanda ya ci kusan dala biliyan 10, wata ƙwayar ƙura ta bugi ɗaya daga cikin madubansa a watan Mayun 2022 ta bar masa tabo na dindindin, abin da ya sa aka sauya tsarin inda yake fuskanta.

Najeriya ta san ɗacin rasa tauraro. NigComSat-1 da aka harba a Mayun 2007 ya mutu a Nuwamban 2008, bayan wata 18 kacal. Matsalar faifan hasken rana ce ta kashe shi, babu ruwan ƙura, amma darasin ya tsaya: ƙasar da ke da tauraron sadarwa guda ɗaya ba ta da na ko-ta-kwana, kuma sai da aka yi shekara uku kafin a samu madadinsa.

Giɓin da ke Afirka ta Yamma

Awon ruwan taurari a yau aikin ƙananan kyamarori ne. A 2018 Denis Vida na Jami'ar Western da ke Kanada ya jagoranci kafa wata haɗakar kyamarori ta duniya, wadda a yanzu ta haura kyamara dubu. Kowace tasha ba ta wuce kyamarar tsaro mai gani da dare da wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi ba, kuma kuɗinsu 'yan ɗaruruwan daloli ne. Idan tashoshi biyu masu tazarar kilomita ɗari ko fiye, kamar Zariya da Kano, suka ɗauki hoton haske ɗaya, kwamfuta takan fitar da tsayinsa da gudunsa da hanyar da ya biyo a kewayen rana, daga nan a gane uwarsa. Akwai irin wannan haɗaka mai suna CAMS da Peter Jenniskens ke jagoranta daga Kalifoniya, wadda ke da tashoshi a Namibiya da Afirka ta Kudu da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Galibin kyamarorin duniya suna Turai ne da Amurka da Ostireliya da New Zealand. Afirka ta Yamma kusan fili ce fetal.

Wannan giɓi yana da tasiri saboda dalilai biyu. Na farko, ɓarkewar ruwan taurari takan ɗauki sa'a ɗaya ko biyu ne kawai, sai wanda dare ya same shi kuma samansa babu hadari ne zai auna ta. Agogon Najeriya ya yi daidai da na tsakiyar Turai a lokacin sanyi, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu samaniyar Turai takan cika da gajimare, alhali arewacin Najeriya yana cikin rani. Na biyu, Abuja tana kusa da tsakiyar duniya, kimanin digiri 9 arewa, don haka ana ganin kusan dukkan samaniyar arewa da ta kudu. Ruwan taurarin Halley na watan Mayu, wanda Bature a Jamus ko Ingila ke gani da ƙyar, ya fi fitowa sosai a nan.

Akwai wata fa'ida ta daban. Ƙurar ruwan taurari takan ƙone ne a sama, amma kyamarorin da ke auna ta su ne ke kama manyan duwatsun da ke faɗowa, su nuna inda suka sauka. A watan Oktoba 1962 dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin tsohon lardin Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars yake, kuma yau yankunansa suna warwatse a ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje. Wani ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's a New York ya sayar da wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25, da aka tsinta a yankin Agadez a 2023, kan kimanin dala miliyan 5.3, lamarin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Sudan ta nuna akasin haka. Da wani ƙaramin dutse ya fashe a saman hamadarta a ranar 7 ga Oktoba 2008, Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum tare da Jenniskens suka jagoranci ɗalibai suka tsinto ɗaruruwan ɓaraguzai, sunan jami'ar ya shiga cikin binciken.

Hujjojin masu cewa ba yanzu ba

Mai riƙe da alƙalamin kasafi yana da abin cewa, kuma ya cancanci a saurare shi. Yiwuwar ƙura ta kashe wani tauraro guda a shekara guda ƙarama ce ƙwarai, kuma mafi yawan ƙurar da ke bugun kumbuna ba ta ruwan taurari ba ce, ta yau da kullum ce wadda ba a iya kauce mata. NASA tana fitar da hasashenta kyauta. Hazon hunturu yakan dishe sama a Disamba da Janairu, damina kuma takan rufe ta a Agusta. Ga kuma tsohuwar cutar nan ta sayen kaya a ƙaddamar, a bar su babu wuta babu mai kula.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai rushe maganar ba. Hasashen kyauta yana amfanar wanda ke da ma'aikatan da suka iya karanta shi su mai da shi umarni a ɗakin sarrafa tauraro, kuma irin waɗannan ma'aikata a wajen awo da lissafi ake horar da su. Hazo da hadari ba sa hana awo ta hanyar rediyo, domin sawun da ƙurar ke bari a sama yana dawo da sautin tashoshi masu nisa dare da rana, kuma Kanada da Beljiyam sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Wutar da tasha ɗaya ke ci ba ta fi ƙarfin ƙaramin faifan sola da batir ba. Batun kulawa kuwa, shi ya sa bai kamata a mai da abin sabuwar hukuma ko babbar kwangila ba.

Gidajen da za su ɗauki aikin suna nan tuni. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, da ta nazarin iskar sama a Anyigba ta Jihar Kogi, da wata a Jos, da wata a Toro ta Jihar Bauchi. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana da tashoshi masu ma'aikata da tsaro a filayen jiragen sama. Sassan kimiyyar fiziks na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu ba su taɓa aiki da bayanan da aka auna a ƙasarsu ba. Tashoshi ashirin a waɗannan wurare ba za su kai kuɗin motar ofis guda ɗaya irin ta manyan jami'ai ba.

Abin da ke tafe

Lokaci ma yana da nasa matsin. Masanin lissafin ƙura na Finland, Esko Lyytinen, ya yi hasashen cewa a watan Agustan 2028 duniya za ta kusanci igiyar da Swift-Tuttle ya bari a 1479, abin da ke iya ƙara yawan Farsiyid sosai. Tempel-Tuttle kuma zai dawo kusa da rana a 2031, kuma ana sa ran Liyonid zai ƙaru a shekarun da ke biye, ko da bai kai na 1966 ba. Duk tauraron da Najeriya ta saya a wannan tsakani zai yi ƙuruciyarsa ne a cikin waɗannan shekaru.

Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar Artemis a Washington a Disamban 2022, ita da Ruwanda ne ƙasashen Afirka na farko da suka yi hakan, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙan yarjejeniyar shi ne musayar bayanan kimiyya. Ƙasar da ba ta auna komai ba ta da abin musayarwa. Abubuwa uku ne ke gaban masu tsara takardu a Ma'aikatar Kimiyya da ta Sadarwa: a sa sharaɗin kariya daga ƙura da tsarin kauce mata a cikin takardun sayen sabbin taurari, a ɗora wa wani sashe na NASRDA alhakin miƙa wa kamfanin NIGCOMSAT hasashen kowace shekara a rubuce, sannan a ware ƙaramin layi a kasafin cibiyar Nsukka don kyamarori da albashin masu kula da su, a haɗa su da haɗakar duniya tun daga daren farko. Idan aka fara a wannan kasafi, za a samu awon shekaru da dama a hannu kafin Tempel-Tuttle ya iso.